Karmo: Abin Da Mai Neman Gida Zai Samu, Da Abin Da Zai Biya Daga Baya

ABUJA — Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Life Camp ta nufi Gwagwa da Dei-Dei a ranar Talata ya san Karmo ko da bai yi niyya ba, domin kuwa a nan motarsa za ta tsaya. Ranar ce kasuwar garin take ci. 'Yan gwanjo kan kwance dilolinsu tun da sassafe, masu doya da kayan miya su baje har bakin kwalta, 'yan acaɓa da masu Keke kuma su cike ɗan abin da ya rage na hanya. Ma'aikata da matan aure daga Wuse da Gwarimpa da Kubwa sukan yi takakka domin sayen tufafi da takalma da labule a kan farashin da ba za su samu a kantunan cikin birni ba. A wurin akasarin mazauna Babban Birnin Tarayya, Karmo ke nan: kasuwar araha da cunkoso.

Sai dai a 'yan shekarun nan wata kasuwar ta buɗe a bayan waccan, wadda ba ta da ranar ci, kuma kuɗin da ke juyawa a cikinta ya ninka na gwanjo nesa ba kusa ba. Ita ce kasuwar filaye da gidaje. Daga mahaɗar Life Camp zuwa unguwar masana'antu ta Idu, alluna ne jere a gefen hanya suna tallan gidaje masu ɗakuna uku da huɗu, da benaye masu manne da juna, da fulotai a cikin rukunonin gidaje masu katanga da ƙofa. Dillalai kan kira wurin da suna iri-iri, wani ya ce Karmo, wani Idu-Karmo, wani kuma ya ce bayan Life Camp, gwargwadon sunan da zai fi ɗaga farashi. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya fara sani shi ne, kaya iri uku ake sayarwa da wannan suna guda, kuma bambancin da ke tsakaninsu yana cikin takarda, ba a fuskar gini ba.

Kafin a kai ga batun takarda, ya dace a faɗi abin da ya sa ake rububin wurin, domin dalilin na gaskiya ne. Tsarin birnin Abuja, wanda kamfanin International Planning Associates ya miƙa wa gwamnati a 1979, ya raba ginin birnin zuwa matakai. Mataki na farko ya ƙunshi Garki da Wuse da Maitama da Asokoro da tsakiyar birni. Na biyu ya haɗa da Jabi da Utako da Wuye da Kado da Mabushi. Karmo tana cikin mataki na uku, tare da Gwarimpa da Dape da Kafe da Lokogoma. Ma'ana, a taswirar gwamnati Karmo gunduma ce ta cikin birnin kansa, ba garin bayan gari ba kamar Kubwa ko Kuje ko Bwari. Mai gida a Karmo maƙwabcin Life Camp ne, kuma idan hanya ta yi kyau tafiyar 'yan mintoci ce ta raba shi da Jabi da Utako, alhali takwaransa na Gwagwalada sai ya shafe fiye da kilomita 40 kafin ya kai ofis, na Mararaba da Masaka kuwa sai ya yi sammako ya shiga cunkoson Nyanya daga jihar Nasarawa.

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da gwamnati ta janye tallafin man fetur, wannan kusanci ya zama kuɗi tsaba. Iyalin da ke da mota ɗaya da yara 'yan makaranta sun fara lissafin lita kafin su yi lissafin ɗakuna. Abin da mutum ya rage a kuɗin haya ta zama a nesa, sai ya mayar da shi gidan mai. Wannan ne ya ƙara wa unguwannin da ke gefen mataki na biyu daraja, Karmo kuwa tana cikinsu.

Akwai kuma jirgin ƙasa. Tashar Idu, wadda ke kusa da Karmo, ita ce mafarin layin dogon Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kilomita 186, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Yulin 2016. A nan ne kuma layukan jirgin cikin birni suka haɗu: ɗaya ya nufi tsakiyar birni, ɗaya filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, ɗaya kuma ya bi ta Gwagwa da Dei-Dei zuwa Gbazango a Kubwa. An buɗe wannan jirgi na cikin birni a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, aka sake tayar da shi a watan Mayun 2024. Ga ɗan kasuwar da ke da shago a Kaduna ko Zariya ko Kano, yake kuma da hulɗa da ma'aikatu a Abuja, gida kusa da Idu yana da amfanin da ba ya buƙatar dogon bayani. Amma tarihin layin ya nuna cewa ba a ɗora dukan lissafi a kansa: bayan harin da aka kai wa jirgin Kaduna a ranar 28 ga Maris 2022, sai da zirga-zirga ta tsaya har watan Disamba na wannan shekara.

Mai niyyar gini da kansa yana da wata riba ta daban, wato kasuwar kayan gini da ta katako da ke Dei-Dei, wadda ke kan wannan hanya. Siminti da rodi da kwano da tayil duk suna kusa, kuɗin dakon kaya kuma ya ragu. Magina da kafintoci da masu walda da leburori da yawa a Karmo da Gwagwa suke kwana. Asibitin gwamnati na Gwarimpa yana Life Camp, asibitin Nizamiye yana kan hanyar Idu, jami'o'in Nile da Baze da hedikwatar hukumar EFCC ba su da nisa, Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa kuma tana cikin Idu. Waɗannan wurare su ne ke samar da 'yan haya masu albashi, abin da mai sayen gida domin haya ya fi buƙata.

To, sai batun kaya iri uku.

Na farko shi ne gida ko fili a cikin tsohon gari, wato Karmo Tsoho da Karmo Sabo da unguwannin da suka tsiro a kewayensu. Nan ne araha take. Gidajen ciki da falo ne da ɗakuna jere, wasu na bulo wasu na laka da aka shafe da siminti, lunguna ƙanana, ruwa daga 'yan ga-ruwa. Yadda ake ciniki a nan bai bambanta da na kowane ƙauye ba: mai saye da mai sayarwa su daidaita, a rubuta yarjejeniya, shaidu su sa hannu, wani lokaci mai unguwa ya buga hatimi. A Kano ko Katsina irin wannan takarda tana da wani matsayi, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta amince da mallakar gargajiya a wajen birane, ta hannun ƙaramar hukuma. A Abuja ba haka abin yake ba, kuma nan ne baƙo ɗan Arewa ya fi yin tuntuɓe, saboda yana auna wurin da ma'aunin garinsu.

Doka ta 6 ta 1976, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa yankin da ita, ta damƙa dukan ƙasar Babban Birnin Tarayya a hannun Gwamnatin Tarayya. Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Ona da Atenda ta shekarar 2000, ta yanke cewa babu mallakar gargajiya a yankin. Kotun Ƙoli kuma, a shari'ar Madu da Madu ta 2008, ta tabbatar da cewa Ministan Babban Birnin Tarayya ne ke da ikon ba da fili. Saboda haka wanda ya sayi fili daga hannun ɗan asalin wuri ko basarake bai sayi ƙasa ba a idon doka; ya sayi damar zama ce har ranar da hukuma za ta buƙaci wurin.

Wannan rana ta taɓa zuwa Karmo. Lokacin da aka mayar da hedikwatar ƙasa daga Legas a ranar 12 ga Disamban 1991, ƙidayar wannan shekara ta nuna mutanen yankin ba su kai 400,000 ba. A ƙidayar 2006 sun kai kimanin miliyan 1.4. Gidajen da gwamnati ta gina ba su isa ba, waɗanda 'yan kasuwa suka gina kuma sun fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, sai jama'a suka kwarara ƙauyukan Gbagyi da ke kusa da birni suna sayen 'yan filaye suna ginawa. Idu-Karmo ta zama ɗaya daga cikin mafiya girman irin waɗannan matsugunai. A 2006, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, motocin rusau suka shiga. An bar gidajen 'yan asalin wuri, domin ƙa'ida ita ce ba a tashe su sai an tanadar musu sabon matsuguni da diyya. Gidajen baƙi kuwa, waɗanda suka saya da guminsu, aka baje. An nuna wa wasunsu filaye a Pegi da ke ƙaramar hukumar Kuje, wuri mai nisa da wuraren aikinsu, wanda ya daɗe yana fama da rashin hanya mai kyau. Wani rahoto da ƙungiyoyin kare haƙƙin matsuguni na COHRE da SERAC suka fitar a 2008 ya ƙiyasta cewa mutanen da rusau ya shafa a faɗin Abuja tsakanin 2003 da 2007 sun kai 800,000.

Abin lura a nan shi ne, bayan rusau garin ya sake cika, kuma ana ci gaba da ciniki kamar da. Ba wauta ce ke sa mutane saye ba. Wanda ya gina ɗakuna goma na haya a kan kuɗi kaɗan yana lissafin cewa idan ya samu shekara biyar ko shida yana karɓar haya kafin hukuma ta waiwayo, ya mayar da uwar kuɗinsa har da riba. Wannan caca ce da mai ita ya san caca yake yi. Wanda ke shiga uku shi ne ma'aikacin da ya zuba kuɗin sallamarsa a irin wannan gida da niyyar ya bar wa 'ya'yansa gado. Banki ba ya karɓar gidan a matsayin jingina, hukumar kula da gine-gine ba ta amince da zanensa ba, kuma ci gaban da ake yi wa unguwar addu'a, wato sabbin tituna da magudanan ruwa, shi ne ke kusanto da ranar tashinsa.

Kaya na biyu shi ne fili mai takardar ƙaramar hukuma. Shekaru da dama ofisoshin filaye na ƙananan hukumomin yankin shida, har da ta birni da kewaye wato AMAC wadda Karmo ke ƙarƙashinta, sun riƙa ba da filaye da takardu masu hatimin gwamnati. A 2006 aka umarci a miƙa waɗannan takardu ga hukumar AGIS, wadda aka kafa zamanin El-Rufa'i domin adana bayanan filaye a kwamfuta, don a tantance su. A watan Afrilun 2025 hukumar birnin ta bayyana cewa daga cikin takardu fiye da 260,000 da aka miƙa, waɗanda aka duba ba su wuce 8,000 da 'yan kai ba, waɗanda suka tsallake kuma ba su kai 2,500 ba. Wato bayan shekara 19, ƙasa da takarda ɗaya cikin ɗari ce ta samu cikakkiyar amincewa. Dillali zai nuna wa mai saye rasidin da ke cewa an miƙa takarda domin tantancewa, ya ce magana ta ƙare. Rasidin shaida ce ta cewa takardar tana layi, ba ta cewa ta fita ba. A gundumar da ke cikin tsarin birni kamar Karmo, inda mai yiwuwa ne ministan ya riga ya ba wani wannan fili a taswirarsa, haɗarin ya fi na bayan gari.

Na uku, wanda shi ne allunan bakin hanya suke talla, gida ne a cikin rukunin gidaje da kamfani ya gina. Tun shekarar 2000 hukumar birnin ta shigo da shirin ba kamfanoni manyan filaye domin su gina gidaje masu yawa su sayar, bisa sharaɗin gwamnati ta kawo manyan hanyoyi da ruwa da wuta zuwa bakin fili, kamfani kuma ya yi na ciki. Yawancin rukunonin da ke Lokogoma da Galadimawa da Kafe da Karmo daga irin wannan tsari suka fito. Nan ne mai matsakaicin ƙarfi zai samu abin da yake nema: katanga da masu gadi, titi mai kwalta ko dutsen shimfiɗa, masallaci a ciki ko a kusa, maƙwabta ma'aikatan banki da na gwamnati da 'yan kasuwa, da farashin da bai kai na Jabi ko Gwarimpa ba ga gida mai girma ɗaya.

Duk da haka, nan ma akwai abin dubawa, kuma ya fi na tsohon gari wuyar ganewa saboda komai yana da kyan gani. Takardar mallakar fili a irin wannan rukuni sau da yawa guda ɗaya ce, da sunan kamfani. Abin da mai saye yake riƙewa shi ne takardar ba shi gida daga kamfanin da yarjejeniyar sayarwa. Idan kamfanin ya jinginar da babbar takardar a banki, ko ya ƙi biyan harajin fili na shekara-shekara, ko ya gina fiye da abin da aka amince masa, ko ya shiga filin da aka ware wa hanya ko makaranta, to matsalar ta kowa ce a cikin rukunin. A 2012 hukuma ta rushe ɗaruruwan gidaje da aka kusa gamawa a wani rukuni da ke kan hanyar filin jirgin sama, waɗanda mutane suka riga suka biya kuɗinsu. A watan Maris na 2025 kuma Minista Nyesom Wike ya soke takardun filaye 4,794 a manyan unguwannin birnin saboda rashin biyan harajin fili na fiye da shekara goma. Idan har Maitama da Asokoro ba su tsira ba, babu dalilin da zai sa mai gida a Karmo ya ɗauka an manta da shi.

Maganin wannan ba boyayye ba ne, sai dai mutane suna ƙyashin kuɗinsa. Lauya ya nemi binciken fayil a AGIS, wanda zai nuna sunan mai fili, da girmansa, da abin da aka ba da shi dominsa, da ko akwai jingina ko bashin haraji a kansa. Safiyo ya je da na'urarsa ya tabbatar cewa filin da ake nunawa a ƙasa shi ne wanda ke cikin takarda, domin an sha nuna wa mutum fili a nan alhali lambobin takardarsa suna can wani wuri. A nemi ganin amincewar sashen kula da gine-gine a kan zanen rukunin. A kuma rubuta a cikin yarjejeniya wanda zai biya kuɗin fitar da takardar mallaka ta mai gida shi kaɗai, da lokacin da za a yi. Duka wannan bai kai la'adar da dillali ke karɓa ba. Abin mamaki ne a ga ɗan kasuwar da ba zai karɓi dila ɗaya ta atamfa a Kantin Kwari ba sai ya kwance ya ƙirga, amma ya biya Naira miliyan 50 a kan hoton da aka turo masa ta waya.

Bayan takarda sai abin da gwamnati ba ta kawo ba tukuna, wanda mai gida ne zai saya da kuɗinsa. A Maitama da Wuse an shimfiɗa tituna da bututun ruwa da na bahaya kafin a fara gini. A mataki na uku gini ne ya riga kayan more rayuwa isa. Akwai sassan Karmo da Idu da ke da tituna masu kyau, akwai kuma inda kwalta ke ƙarewa a ƙofar rukuni ɗaya, na gaba da shi sai an bi jar ƙasa mai ƙura da rani, mai taɓo da damina. Yawancin rukunoni da rijiyar burtsatse suke rayuwa. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya buɗe babban aikin faɗaɗa bututun ruwa daga madatsar Usuma zuwa sabbin gundumomi, amma isar babban bututu gunduma daban, shigarsa gida daban. Mai saye ya buɗe famfo da hannunsa ya tambayi inda ruwan ya fito. A wannan wata ne kuma aka buɗe ci gaban titin Obafemi Awolowo daga mahaɗar Life Camp zuwa titin zobe na uku, abin da ya sauƙaƙa shiga wannan ɓangare na birni, ya kuma ɗaga farashin filayen da ke kusa da shi.

Wutar lantarki daga kamfanin AEDC take, kuma sau da yawa mazauna rukuni ne ke haɗa kuɗi su sayi taransifoma ko su gyara ta. Tun watan Afrilun 2024, da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A daga Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni, tambayar layin da gida yake kai ta zama tambayar kuɗi: mai samun wuta sosai yana biya da tsada, wanda ba ya samu kuma yana biya a man janareta ko a farantan hasken rana da batura. A kan wannan akwai kuɗin hidima na shekara da rukuni ke ɗorawa domin masu gadi da kwasar shara da gyaran famfo. Ba a rubuta waɗannan a allon talla, amma idan aka tara su na shekara goma suna cinye wani yanki na arahar da ta jawo mai saye tun farko.

Ƙasar wurin tana da rafuka da kwaruruka, kuma wasu kamfanoni sukan cike bakin rafi su yi gini. Abin da ya sha faruwa a Lokogoma, da ambaliyar da ta shanye gidaje a wani rukuni a Lugbe a watan Yunin 2023, ya isa gargaɗi.

Sai hanyar biya. Akasarin gidajen Abuja da kuɗi hannu ake sayensu, ko a biya kashi-kashi cikin shekara ɗaya ko biyu yayin da ake gini. Dalilin a fili yake. Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a watan Nuwamban 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a Disamban wannan shekara. A misali, wanda ya ci bashin Naira miliyan 30 daga bankin kasuwanci a kan kashi 28 cikin 100 na shekara goma, zai riƙa biyan kusan Naira 750,000 kowane wata. Wannan adadi ɗin, idan daga Asusun Gidaje na Ƙasa ya fito, wanda aka kafa da Doka ta 3 ta 1992, wanda kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke ba da shi a kan kashi 6 cikin 100 har shekara 30, biyan wata zai sauko zuwa kimanin Naira 180,000. Amma da yake ƙa'ida ita ce biyan bashi kada ya wuce sulusin abin da mutum ke samu, ko wannan mai sauƙin yana buƙatar mai samun Naira 540,000 a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama Naira 70,000 a 2024. Kuma asusun ba ya ba da lamuni sai a kan gida mai ingantacciyar takarda, abin da ya fitar da tsohon gari da yawancin filayen ƙaramar hukuma daga lissafi. Masu guje wa kuɗin ruwa suna da bankunan Jaiz da TAJ, waɗanda suka fara aiki a 2012 da 2019, masu sayen gida su sayar wa mutum da riba sananniya ko su ba shi haya har ya mallaka. Su ma takarda suke fara tambaya.

Biyan kuɗi tun gini yana tushe yana da rangwame, amma shekarar 2024 ta koya wa mutane darasi. Buhun siminti da ake saye kimanin Naira 5,000 a 2023 ya haura Naira 10,000 a watan Fabrairun 2024, bayan faɗuwar darajar Naira. Kamfanoni da dama da suka karɓi kuɗin mutane a kan tsohon farashi sun dawo suna neman ciko, wasu kuma aikin ya tsaya a linta. Wanda zai biya kafin a gama gini ya duba abin da kamfanin ya taɓa gamawa ya miƙa, ya kuma ɗaure biyansa da matakan aiki: kaza idan an kai linta, kaza idan an rufa, ragowar ranar karɓar makulli.

Ga mai sayen gida domin haya, lissafin yana buƙatar sanyin zuciya. A ɗauka gida na Naira miliyan 60 yana kawo hayar Naira miliyan 3 a shekara. Wannan kashi 5 cikin 100 ne, kafin a cire gyara da watannin da gida zai zauna babu kowa. A 2024 takardun lamunin gwamnati na shekara ɗaya sun ba da fiye da kashi 20 cikin 100, ɗan kasuwa mai juya kaya kuwa ya san abin da miliyan 60 za ta haifa masa a shago. Saboda haka ribar gida a Karmo ba a haya take ba, tana cikin tashin darajar fili yayin da birni ke matsowa, da kuma kare dukiya daga zaizayewar Naira. Gwarimpa, wadda aka gina zamanin Janar Sani Abacha, ana yi mata kallon bayan gari a lokacin. Waɗanda suka saya da wuri su ne suka ci riba. Amma Gwarimpa gwamnati ce ta gina ta bisa tsari. A Karmo wannan tashin daraja zai tabbata ne ga mai takardar da hukuma ta sani, kuma ƙananan gidaje masu ɗaki ɗaya ko biyu, waɗanda matasan ma'aikatan Jabi da Idu ke nema, sun fi manyan benaye saurin samun ɗan haya.

Akwai kuma gasa da ke tafe. A watan Fabrairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana, can gefen Gwarimpa ta hanyar Kubwa, kuma kamfanoni suna ta gini a Dape da Kafe da Nbora. Masu neman gida irin na Karmo su ne masu neman waɗannan, don haka mai saye yana da damar tayawa, musamman idan kuɗinsa a hannu yake.

Dillalai sun fi son kai mai saye ganin gida ranar Lahadi da hantsi a cikin rani, lokacin da hanya take fayau, ƙasa kuma a bushe. Wanda ke son sanin gidan da zai zauna a ciki sai ya koma shi kaɗai ranar Talata da ƙarfe bakwai na safe ya auna mintocin da zai yi kafin ya kai Jabi, ya sake komawa a watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama ya duba gindin katanga da bakin kwalbati, sa'an nan ya tsaya a ƙofar rukunin ya tambayi mazauna biyu ko uku ko akwai wanda ya karɓi takardar mallaka da sunansa a cikinsu.